Wa ke bayan wa?

Ran nan a ajinmu na yaƙi da jahilci a Cadawa, wani dattijo ya ajiye allinsa ya ce: "Malam, kullum ina jin labarin yaƙin Sudan a rediyo tun 2023. Yau a ce ƙasa kaza ke ba wannan bindiga, gobe a ce ita ce ke kiran sulhu. To wa ke bayan wa?" Na ce: "Baba, bari mu dubi wanda aka yi kusa da gida, wanda ya riga ya ƙare."

A watan Yuli na 1967 yaƙin basasa ya ɓarke a Najeriya. Ojukwu ya ce yankin gabas ya ɓalle, sunansa Biyafara. Gowon ya ce ƙasa ba ta rabuwa. Sai da aka kai Janairu na 1970 aka ajiye makamai.

To, saurara ka ji abin mamaki. A lokacin Ingila da Rasha ba su ga-maciji, amma duka biyu Gowon suka sayar wa makamai. Ingila da Faransa kuwa aminai ne a Turai, amma Faransa ta bi ta Gabon da Kwaddibuwa tana taimakon Ojukwu a ɓoye. Fotugal, wadda ta ƙi sakin ƙasashen Afirka da take mulka, ta buɗe wa Biyafara hanyar jiragen sama. Nyerere na Tanzaniya, babban maƙiyin Fotugal, shi ne ya fara amincewa da Biyafara a 1968. Ka ga kura da akuya a turke ɗaya.

In kanka ya ɗaure, ba ƙarancin karatu ba ne. Mun saba a ƙauye, in ka san abokin mutum ka san inda zai tsaya ran shari'a. Ƙasa ba haka take ba. Ita tana duba rumbunta ne tukuna. Kamfanin man Ingila na haƙo mai a wurin da ake faɗan. Rasha na neman ƙofar shiga Afirka ta yamma. Shugaban Faransa, Janar Digol, bai son ganin ƙatuwar ƙasa mai jin Ingilishi a tsakiyar ƙasashen da Faransa ta rena. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mu fa? A lokacin Nijar na karɓar taimakon kuɗi daga Faransa, amma Shugaba Diori Hamani ya tsaya bayan Gowon. Kai da ke noma gyaɗa ka san dalili ɗaya: a wancan lokacin gyaɗar ƙasar Maraɗi ta Kano take bi, ta hau jirgin ƙasa zuwa teku. Ga zumunci kuma. Wane gida ne a nan da ba shi da dangi a Katsina ko Daura? A watan Yuli na 1968 aka yi zaman sulhu a Yamai. Gowon ya zo, Ojukwu ma ya zo, aka tashi ba a daidaita ba.

Ga inda abin ke damuna. Da yawa cikinmu za su ce Diori ya yi daidai, ni ma haka nake gani, don ba a barin maƙwabci saboda baƙo. Amma ɓangaren da muka goya wa baya ya toshe hanyoyin Biyafara, abinci ya yanke. Masu ƙiyasi na cewa mutum miliyan ɗaya ko fiye suka mutu, akasarinsu da yunwa, yara ƙanana a ciki. Mu da iyayenmu suka ga farin 1973 da na 1984, ba ma buƙatar a kwatanta mana yaron da cikinsa ya kumbura. Waɗannan yaran ba su san Ojukwu ba, ba su san man fetur ba.

Kada kuma ka yi saurin yaba wa Faransa. Makaman da ta aika ba su isa cin yaƙi ba, sun dai isa a ci gaba da shi. Kowane wata da aka ƙara, an ƙara kaburbura. In ka ga 'yan'uwa biyu na dambe ka miƙa wa mai rauni sanda, ba don ya tsira ba sai don faɗan ya daɗe, me za a kira ka? Wanda ya sayar wa mai ƙarfi adda kuma fa?

Saboda haka na ce wa dattijon, in ya ji an ambaci wata ƙasa a rediyo, ya tambayi kansa me za ta samu, kuma ɗan wa za a binne. Ya yi shiru. Can ya ce a rubuta masa "Sudan" a babban allo, don ƙanensa ya tafi hajji ta ƙasa tun suna samari, ya zauna can, kuma tun da aka fara yaƙin ba a ji muryarsa a waya ba. Na rubuta. Ya kwafa sau uku.