Kyandir da Inuwar Kurege: Rana ta Wane ce?

Ranar 2 ga Fabrairu, sanyi na tsakiyarsa a Turai da Amurka. A majami'u, Kiristoci na bikin cikar kwana 40 da Kirsimeti, ranar da littafinsu ya ce Maryamu ta kai jaririnta Haikali a birnin Ƙudus, da hadayar talaka ta tsuntsaye biyu. Ana sa wa kyandirori albarka, a kunna su, alamar haske ya shigo duniya.

A wannan safiyar kuma, a garin Punxsutawney na jihar Fensilbaniya, dubban mutane kan yi sammako cikin ɗari don kallon wata dabba dangin kurege. In ta fito daga rami ta ga inuwarta, wai sauran mako 6 na sanyi. Tun 1887 ake wannan taro. A Faransa kuwa, ranar ta soye-soyen wainar fulawa ce.

Mai kishin addini zai ce an yi wa ibada fashi: kurege ya ture kyandir, har wasu na murnar ranar ba su san asalinta ba. Ƙorafinsa abin dubawa ne, domin kowace shekara kyamarorin talabijin bakin ramin suke nufa.

Sai dai wasan daga gindin idin ya tsiro. Ranar ta faɗo kusan tsaka-tsaki tsakanin dare mafi tsawo a shekara da shigowar bazararsu. Manomin Jamus da ya fito daga majami'a yana da tambayar da huɗuba ba ta amsa masa ba: ciyawar da na tara za ta kai dabbobina ƙarshen sanyi? Sai ya dubi sama, ya ce in an yi rana a yau, sanyi zai daɗe. Ya kuma lura da wata dabba dangin dage. Jikokinsa da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka musanya ta da wadda suka tarar. Mutum ɗaya ne ya riƙe kyandir, shi ne kuma ya leƙa rami, kuma tsoron duhu da yunwa ne a ransa a wuraren biyu.

Mu ma mun san irin wannan maƙwabtaka. Tashe na tafiya da azumin Ramadan, cika-ciki na tafiya da Ashura. Bambancin shi ne shekarar Hijira ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, don haka ranakunmu na zagaya hunturu da bazara da damina, ba su zauna wuri ɗaya ba balle duban yanayi ya manne musu. Duk da haka wasa ya sami wurin zama.

Saboda haka, a ganina, ba wasa ne ke kashe ibada ba, mantuwa ce. Yaron da ya yi tashe da dare ya kuma tashi sahur bai rasa komai ba. Wanda ya yi asara shi ne wanda ya cika ciki, babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa dalilin azumin Ashura. Laifin na wuyan manyan da suka yi shiru. Ko an kori kuregen, wanda ba a taɓa ba shi labarin kyandirin ba ba zai kunna shi ba.