Shirun Dillali da Tsatsar Ƙasan Mota

Tambayar da nake so mu duba ita ce: mutumin da ya san aibin kayansa, amma ba a tambaye shi ba, ya yi shiru ya sayar, shin ya yi ha'inci ko kuwa ya iya ciniki ne kawai? Misalin da zan kawo na motocin hannu ne da ake shigo mana da su, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, irin waɗanda a kullum nake gani suna wucewa ta Sabon Titin Mandawari suna ƙyalli.

A Kanada da Jamus da arewacin Amurka, idan hunturu ya kama, hukuma kan barbaɗa gishiri a kan hanya don ya narkar da ƙanƙara, motoci su daina santsi. Ruwan gishirin nan shi ke fallatsa a ƙasan mota, ya maƙale a saƙo-saƙo, ya riƙa cin ƙarfe shekara da shekaru. Yakan ci salansa, da ƙarafan da ke ɗauke da motar, da siraran bututun man birki. Abin ba ƙarami ba ne. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhu na kimanin dala biliyan 3.4 da masu motocin Tacoma da Tundra da Sequoia a Amurka saboda tsatsar gindin mota. Don haka mai saye a can ƙasa yake fara leƙawa, in ya ga tsatsa ya rage tayi ƙwarai.

To, mu fa? Ƙasarmu busasshiya ce. Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna takan tsufa har injinta ya gaji ƙarfenta bai ruɓe ba. Shi ya sa Bakano in zai sayi mota sai ya saurari ƙarar inji, ya dubi fenti da kujeru da taya, ya kunna na'urar sanyi. Bai taso da sanin cewa mota na mutuwa ta ƙasa ba, balle ya kai ta kan ramin bakanike.

Dillalai suna da hujjarsu, kuma na sha jin ta. Sukan ce ga mota ga mai saye, ba wanda ya rufe masa ido, a yadda ya gan ta ya taya aka sallama. Wani ya ƙara da cewa shi ma haka ya sayo ta, an riga an fesa mata baƙin fenti a ƙasa. Wanda bai sani ba ɗin, ni ban ga laifinsa ba. Maganata a kan wanda ya sani take.

A ganina hujjar farko ba ta tsaya ba. Mutum ba ya tambayar abin da bai san akwai shi ba. Sa'an nan mu bi kuɗin. Me ya sa motar ta yi arha a wurin gwanjo a can? Saboda tsatsar. Wato mai shigo da ita ya riga ya ci rangwamen aibin, ya zo nan ya sayar a farashin lafiyayya. Ratar da ke tsakani kuwa ba wahalar hanya ce ta kawo ta ba, rashin sanin mai saye ne.

Malamanmu na zaure sun daɗe da warware wannan. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a unguwannin cikin birni, ta hana ɓoye aibi a ciniki. Muslim kuma ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tsibin hatsi ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tuhumi mai shi don bai ɗora shi a sama mutane su gani ba. A lura, mai hatsin nan ba a ce ya yi ƙarya da bakinsa ba.

Na san faɗin gaskiya zai rage wa dillali la'ada, wataƙila ma cinikin ya lalace. Amma jiƙaƙƙen hatsi asarar kuɗi ce kurum, bututun birki kuwa in ya fashe a hanyar Zariya, da iyali a cikin mota, babu alƙalin da zai mayar da wannan ciniki.