GODIYA A KAN DAMIN DA AKA FANSO

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga ya kamata in baje ta a wannan fili namu, ko Allah ya sa wani daga cikin malamai ko ɗalibai 'yan'uwana ya fi ni ganin bakin zarenta. Tambayar ita ce: shin ya dace mutum ya yi bikin godiya a kan amfanin gonar da sai da ya biya azzalumi kuɗi kafin ya girbe shi? Ba a aji na samo wannan tambaya ba. A bakin ƙofar wata 'yar majami'a na tsince ta, a ƙasarmu ta Bukkuyum, ni kuwa Musulmi ne ɗan Musulmi.

Na san wani zai ce, "Kai kuma, me ya haɗa Bukkuyum da coci?" Ba zan ga laifinsa ba. Duk wanda ya ji an ambaci Zamfara, abin da ke faɗo masa a rai shi ne shari'ar Musulunci da aka ƙaddamar a Gusau a 1999, ko gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ko kuwa 'yan bindiga. Amma akwai Kirista a cikinmu, ko da yake ba su da yawa: Dakarkari manoma daga wajen Zuru, 'yan kasuwa daga kudu, ma'aikatan asibiti da malaman makaranta. 'Yan Katolikan cikinsu suna ƙarƙashin Bishop na Sakkwato. Tun a 1953 aka yanka wannan yanki aka danƙa shi ga limaman ɗariƙar Dominikan daga Amurka, waɗanda Gusau ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyinsu, a 1964 ya zama cikakkiyar dayosis, a 2011 kuma aka naɗa Matthew Hassan Kukah bishop ɗinta. Ita majami'ar da nake magana a kanta reshe ce kawai. Ginin laka ne da rufin kwano, Fada ba ya zuwa sai jefi-jefi, katekis ne ke jan ragamar addu'a ran Lahadi, da Hausa kuwa ake yin kusan kome.

Wannan na ƙarshe ya kamata ya ja hankalinmu mu masu nazarin harshe. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiya da shi ƙwarai, saboda haka akwai wata Hausa ta majami'a da yawancinmu ba mu taɓa saurara ba. Su ne ke cewa "baiko" ga abin da aka ba Allah, alhali mu da mun ji baiko sai hankalinmu ya tafi ga aure. Su ne ke da "zumuntar mata", da "nunan fari", da "ikilisiya". Amma wannan zance ne na wata rana.

Tun ina yaro na san shekararsu kamar yadda suka san tamu, ba don an koya mini ba, sai don katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na wata tsohuwa Badakkara da muke kira Iya. In rani ya yi nisa, na ga ta dawo da toka a goshi wata ran Laraba, to, azuminsu na kwana arba'in ya kama. A 2025 ma sai ya faɗo tare da namu: muka ɗauki Ramalana a farkon watan Maris, su kuma suka shafa toka ran 5 ga wata. In bazara ta gabato sai Ista, su fito da ganyen dabino mako guda kafin ta. Da damina kuwa majami'a takan rame, don kowa yana gona, sai dai a yi addu'ar shuka, matasa su yi gayya su nome wa tsofaffi da matan da mazansu suka mutu. Da hunturu ga Kirsimeti, ran 25 ga Disamba, ranar da shinkafar Iya ke ƙetaro katanga, bayan an kira mahaifina ya yanka mata kajin don mu iya ci, kamar yadda naman layyarmu ke ƙetarawa wajenta. Amma a cikin bukukuwan nan duka babu wanda ya kai na godiyar kaka armashi. Ranar nan kowane gida yakan fito da abin da gonarsa ta ba shi, a jeru ana rawa ana waƙa, mata na kaɗa tulu da caki, a kai gaban bagade a jibge: damman gero, buhunan masara, gyaɗa, wake, kabewa, kaji, wani lokaci har akuya. In an tashi daga addu'a sai a fito fili a yi gwanjon kayan, mai hali ya sayi kabewa ɗaya a kuɗin goma don a yi dariya a kuma tara abin gyaran rufi. Muna yara mukan hau katanga mu yi kallo, a kuma miƙo mana rake.

To, a 2022 yajin aikin malaman jami'a ya zaunar da ni gida tun daga Fabrairu har Oktoba, watau na ga damina daga shuka har girbi. Shekarar ta fara mana da baƙin ciki, don a farkon Janairunta ne aka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum aka kashe mutane masu yawa. Gonakin nesa duk aka bar su. Waɗanda suka yi ƙarfin hali suka noma na kusa, da gero ya nuna sai saƙo ya zo daga daji cewa ba mai sa lauje sai an haɗa kuɗi. Aka bi gida gida, Musulmi da Kirista, ba a tambayi kowa alƙiblarsa ba. Mahaifina ya sayar da tunkiya, Iya ta sayar da akuyarta guda ɗaya tilo. Aka kai, aka girbe.

Wata Lahadi a cikin Oktoba, kafin a kira mu makaranta, sai na ji kiɗan nan da na sani. Na fita na tsaya daga bakin ƙofa. Jerin da a dā yakan kai bakin hanya, ranar nan bai wuce tsawon inuwar bishiyar darbejiya ba. Sai ga Iya, da dami ɗaya a ka, tana taka rawa a hankali irin ta tsofaffi, tana murmushi. Na kuwa san abin da ke cikin rumbunta, don ni na taya ta jera shi: dami goma sha ɗaya, ga jikoki huɗu marayu. Wallahi haushi ne ya fara kama ni kafin tausayi.

Na zauna na tambayi kaina dalilin haushin, sai na tarar ba guda ɗaya ba ne. Da fari na ce, bakin yara ya fi bagade buƙatar geron nan. A nan tarbiyyata ce ke magana. A fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure, zakkar hatsi ba ta hawa kan mutum sai abin da ya samu ya kai nisabi, watau wusuƙi 5, sa'i 300 ke nan, sa'an nan ya fitar da ushiri in ruwan sama ne ya shayar, rabin ushiri in ban-ruwa ya yi. Hikimar a fili take: an ɗauke wa talaka nauyi, an mai da shi mai karɓa. Da Iya Musulma ce, ba abin da ya wajaba a kanta. Baikon godiya kuwa ba shi da nisabi. Ba a tilasta wa kowa, gaskiya ne, amma wanda ya san ƙauye ya san ido ya fi bulala zafi. In ana kiran gida gida da suna a gaban jama'a, wace uwa ce za ta taso hannu rabbana? Har yau ina ganin wannan kiran suna aibi ne, kuma da za a shawarce ni da na ce a bar shi, kamar yadda nake ƙin ganin ana shelar sunayen masu ba da gudummawa a masallatanmu da lasifika.

Amma da na ƙara tunani sai na ga na yi wa Iya wani rashin adalci. Na ɗauka cewa bayarwa ado ne na mai wadata, talaka kuwa aikinsa miƙa hannu. Su a wajensu akwai labarin gwauruwar nan matalauciya da ta saka 'yan anini biyu a ma'ajin Haikali, wanda ke cikin Bisharar Markus sura ta 12, aka kuma fifita ta a kan mawadata. Mu ma ai ba mu rasa irinsa ba, tun da sadaka ba ta jiran nisabi. Mutumin da aka ƙwace wa akuya, aka hana shi gonarsa ta gado, aka mai da shi abin tausayi a bakin 'yan rediyo, in ka hana shi bayarwa don tausayi, ka ƙarasa abin da ɓarayi suka fara, don ka tabbatar masa cewa ba shi da sauran abin da yake iko da shi. Duk shekarar nan hannun Iya bai saki kome ba sai da tsoro. Damin nan shi kaɗai ne ta saki don ta ga dama.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Geron nan fa fansarsa aka yi. Kuɗin akuyar Iya da na tunkiyarmu, Allah kaɗai ya san harsashi nawa suka saya, da kuma ƙauyen da aka harba su. To, yaya za a ɗauki abin da ya biyo ta wannan hanya a kai ɗakin ibada ana guɗa? Wannan tambaya ba ta Kirista ba ce su kaɗai, don mahaifina ma da geron nan ya yi sadakar Juma'a. Na kai ta gaban malaminmu na zaure, ya ce wanda aka tilasta ba shi da laifi, zunubin yana wuyan mai tilastawa, kuma gumin manomi ba ya zama haram don ɓarawo ya tare masa hanya. Na karɓi wannan, hankalina ma ya karɓa. Sai dai rashin laifi daban, murna daban. Mutumin da ya ba ɗan fashi jakarsa don ya tsira ba mai zunubi ba ne, amma ba mu saba ganin ya kira makaɗa ba. A nan ne na daɗe ina kai-kawo, har na lura da cewa na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ba ɗan bindiga ne ya saukar da ruwan Yuli ba, ba shi ya fito da zangarniya daga kara ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tsaya tsakanin mutum da abin da aka riga aka ba shi. In Iya ta fasa godiya saboda shi, ta yarda ke nan cewa daga hannunsa geron ya fito, shi ne mai bayarwa da hanawa. Ashe kai damin gaban bagade wata hanya ce ta ƙaryata shi a bainar jama'a, ko da ita ba ta faɗe shi da wannan lafazi ba.

Saura na uku, shi ne kuwa ban gama da shi ba har yanzu. Ina tsoron kada godiya ta zama maganin barci. Mu mutanen ƙasar nan, Musulminmu da Kiristanmu, ba abin da ya fi mana sauƙin faɗa kamar "mun gode Allah". A kashe goma mu ce mun gode da ba ashirin ba ne. A karɓi rabin amfanin gona mu ce da babu gara ba daɗi. Masu mulki kuwa ba abin da suke so su ji kamar wannan, don mai godiya ba ya tare hanya, ba ya tambayar inda kuɗin tsaro suka shiga. In kowace kaka za a biya, a girbe, a yi rawa, a koma gida, to yaushe harajin daji zai zama abin kunya? Ina gudun ranar da yaro zai taso ya ɗauka cewa biyan 'yan bindiga wani mataki ne na noma, kamar huɗa da firi.

Abin da zan iya cewa kawai shi ne, a majami'ar nan ranar nan ban ga alamar barci ba. Bayan an jibge kayan, na jiyo katekis daga waje yana kiran ƙauyukan da aka tasa ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da roƙon jinƙai, wasu mata na kuka. Gwanjon ma ba a yi shi da wasan da aka saba ba. Aka ce bana rufi ya jira, aka auna hatsin da kwano aka raba wa waɗanda suka gudo suke kwana a makarantar firamare, galibinsu kuwa masu salla ne irina. Wannan bai kori ɗan bindiga ko ɗaya daga daji ba, bai kuma amsa tambayata game da masu mulki ba. Amma mutanen da suka kira sunan kowane ƙauye da bakinsu ba su manta ba, ba su kuma ce abin da aka yi daidai ne ba.

Da yamma na leƙa gidan Iya na same ta tana sussuka. Na gaishe ta da gajiya, sa'an nan na kasa haƙuri na ce, "Iya, dami goma sha ɗaya gare ki, ga yara. Da kin bari sai baɗi in rumbu ya cika." Ta ɗago ta dube ni kamar ba ta taɓa ganin wawa irina ba, ta ce, "Ɗana, wa ya ce maka ina da baɗi? Waɗancan na ba su don kada su kashe ni. In na ba mai bindiga na hana Mai sama, da wane ido zan dubi yaran nan?" Na ce to in hatsin ya ƙare kafin damina fa? Ta nuna katangar da ta raba mu da taɓarya, ta ce, "Uwarka tana nan."

Ya kuwa ƙare, tun watan Mayu. Mahaifiyata ta riƙa miƙa kwano ta kan katanga har aka ci tumu, tana yi tana mita a kan damin nan guda da aka kai coci.