Zato da Sutura: Finafinan Leƙen Asiri a Ma'aunin Birnin Kano

Da yawa daga finafinan binciken asiri da aka shirya a Ingila da Amurka a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1939 da 1945, sun ginu ne a kan tunani guda, wato cewa maƙiyi mafi haɗari ba ya bakin daga, yana cikin gida sanye da rigar aminci. A fim ɗin Sherlock Holmes and the Voice of Terror na 1942, an ɗauko shahararren mai binciken nan daga zamaninsa aka jefa shi cikin yaƙi, inda ya gano cewa mai yi wa Jamus aiki yana zaune a majalisar tsaron ƙasa kanta.

Kano ba baƙuwar wannan yanayi ba ce, domin filin jirginta zango ne na jiragen yaƙin da ke tasowa daga Takoradi zuwa Masar, kuma daga 1940 zuwa 1942 Damagaram tana hannun gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus. A Kano kuwa, sinimar Rex, wadda aka buɗe a 1937, a wajen ganuwa take a lokacin. Da aka gina Palace a cikin birni kusa da Kasuwar Kurmi a farkon shekarun 1950, malamai da dattawa sun nuna ƙyama, galibi saboda hotuna da cuɗanyar maza da mata. Sai dai akwai tambayar da ta fi waɗannan zurfi: wace ɗabi'a irin wannan labari yake koya wa zuciya?

Shari'a ta bambance abubuwa biyu da fim yake cakuɗawa. Tajassusi, wato bin diddigin abin da mutum ya ɓoye, Suratul Hujurati ta hana shi a aya ta 12, inda ta jera shi tare da mummunan zato da giba, kamar dai ana nuna cewa zato ne ke haifar da leƙe, leƙe kuma ya haifi yi da mutum. Amma leƙen sansanin abokan gaba a lokacin yaƙi halal ne, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Huzaifa ɗan Yamani cikin dare ya gano halin rundunar Ƙuraishawa a Yaƙin Gwalalo. Har a lamarin Haɗibu ɗan Abi Balta'a, wanda ya aika wa mutanen Makka wasiƙar asiri gab da buɗe garin, an kama wasiƙar tukuna, aka saurari uzurinsa, sannan aka yafe masa saboda halartarsa Badar.

Ginin gidan Bakano ma fassarar wannan hukunci ne da ƙasa da azara. Baƙo yana tsayawa a zaure, ya yi sallama, a amsa masa. Ƙofar soro ba ta fuskantar tsakar gida kai tsaye, don kada idon mai wucewa ya faɗa kan abin da ba a nuna masa ba. Wannan ita ce sutura, kuma mutumin Jakara ko Yakasai da ke roƙon Allah rufin asiri ya san cewa wanda ke son a rufa nasa dole ya kau da kai daga na maƙwabcinsa.

Aibin waɗannan finafinai, duk da gwanintar tsarinsu wadda ba a musunta, shi ne zaton jarumi ba ya taɓa faɗuwa ƙasa banza: duk wasiƙar da ya buɗe akwai makirci a ciki, duk ƙofar da ya leƙa akwai mugu a bayanta. Mai kallo ba ya ganin mutum goman da aka tona wa asiri ba su ji ba ba su gani ba. Leƙen asiri lalura ce ta yaƙi da hukuma ke ɗauka bisa hujja da iyaka, kuma wanda ya shigo da shi unguwa ya mai da maƙwabci abokin gaba ba tare da laifin komai ba.