Kyautata Zato da Buhun Yashi a Kafaɗa

Duk manomin da ya zuba irin shinkafa a fadamar Auyo ko Kirikasamma mai kyautata zato ne. Ya ga ambaliyar 2018, ya ga ta 2020, ta 2022 kuwa ta cinye gonaki da gidaje har iyalai suka koma kwana a makarantu, amma da damina ta kama sai ya sake cin bashin taki ya shiga gona. Hali ne abin yabo, ba don shi ba da tuni fadamar Haɗejiya ta zama kufai.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan hali kan rikiɗe ya koma sakaci sanye da rigar tawakkali. Hukumomi su yi gargaɗi tun kafin ruwa ya sauka cewa kogi zai cika, ka ce wa mutum ya kwashe hatsinsa zuwa tudu, sai ka ji ya ce, "Haba malam, bana Allah zai kiyaye, kada ka yi mana mugun baki." Faɗin gaskiya ya zama mugun baki ke nan! Alhali halin kogin Haɗejiya ba gaibu ba ne. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya. Hanyoyin ruwan da a da kan bushe da rani suka daina bushewa, ciyawar kachalla ta samu wurin zama ta toshe su, yashi ya taru a bayanta. Ruwan da ya kamata ya gangara Gashuwa sai ya fantsama cikin gonaki, cikin kachallar kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana su wayi gari a kan shinkafa. Wanda ya san duk wannan ya ce "ba komai", 'ya'yansa ne za su biya kuɗin kwanciyar hankalinsa.

Akwai kuma mai cewa, "Ruwan dam ne, me talaka zai iya?" ya naɗe hannu. Shi ma hatsinsa a ruwa zai kwana.

Waɗanda suka fahimci lamarin su ne mutanen da ake gani a bakin jinga idan kogi ya yi wa garin Haɗejiya barazana. Matasa cikin taɓo har gwiwa, wannan na riƙe da bakin buhu, wancan na zuba yashi da shebur, a miƙa hannu da hannu har inda ruwa ke neman ɓallewa. Bakinsu bai rabu da addu'a ba, sun kuma yarda gari zai tsira, shi ya sa suka fito da tsakar dare. Amma suna duba tsayin ruwan, kuma idan dattijo ya ce wannan gefen ya yi rauni, ba wanda ke ce masa mai mugun baki. Can ake rugawa da buhuna.

Sai dai jingar watan Agusta aikin makara ce. Lokacin yankan kachalla da yashe kogi rani ne, sa'ad da ruwa ya ja baya, hankali ya kwanta, kowa ya shagala da alkama da albasa. A lokacin ne ya kamata ƙauyukan Guri da Kafin Hausa su yi gayyar buɗe magudanai, manomi ya nemi irin da ke nuna da wuri, masu unguwanni su tambayi gwamnatin jiha da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are inda injinan yashe kogi suke aiki da ranar da za su iso yankinsu.