IDAN BINDIGA TA YI MAGANA, KASUWA KE YIN SHIRU



Mu a Kazaure ba labari aka ba mu ba. Titin Kano zuwa Daura da ya ratsa garinmu shi ne ke miƙewa har Kwangwalam, ya shiga Damagaram. Da sojoji suka karɓe mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi har da barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba su. Ba a harba harsashi ko ɗaya tsakanin ƙasashen biyu ba, amma manyan motoci suka tsaya cak, kaya suka lalace, kasuwar Maigatari ta yi sanyi. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. To wa ya ji jiki? Direba, ɗan dako, mai sayar da abinci a tasha, da mara lafiyar da magani ya yanke masa.

Wannan barazana ce kawai fa. Ina ga yaƙin kansa? Ku tuna yadda taki da fulawa suka yi tsada bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022.

Shi ya sa a Suratu Ƙuraish Allah Ya ambaci fataucinsu na hunturu da bazara, sannan Ya haɗa ni'ima biyu: ƙoshi da aminci. Ɗaya ba ya zama sai da ɗaya.

Ku dubi Sumamatu ɗan Usal (RA). Da ya musulunta, ya hana alkamar Yamama shiga Makka, alhali Ƙuraishawa na yaƙar Musulmi. Da yunwa ta kama su, suka roƙi Manzon Allah (SAW) don zumunci, shi kuma ya umarci Sumamatu ya saki abincin. Maƙiya ke nan! Balle maƙwabcin da muka haɗa addini, harshe da auratayya?

Shugabanni, ku ji tsoron Allah, kada ku mai da yunwar talaka makami. Kai kuma ɗan kasuwa, da ka ji an rufe hanya sai ka kulle sito kana jiran farashi ya hau, ka sani hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mai ɓoye kaya mai laifi ne. Wannan riba ba ta da albarka, wallahi.

Allah Ya zaunar da Nijeriya da Nijar lafiya, Ya yalwata mana abinci. Amin.