Gargaɗin Ambaliya Na Mai Gona Ne, Ba Na Mai Ba Da Kuɗi Ba

Wata mummunar ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakanin ƙungiyoyin agaji da ke aiki a ƙasar Haɗejiya, kuma in ba a tsawatar ba za ta ci rayuka. Ana tsara saƙon gargaɗin ambaliya don ya gamsar da wanda ya ba da kuɗin aikin a Abuja ko Turai, manomin Auyo kuwa sai abin da ya rage.

Ruwan kogin Haɗejiya ba ya zuwa a ɓoye. Daga madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 yake gangarowa, ya ratsa Wudil da Ringim da Miga kafin ya iso gare mu a Haɗejiya. In ya tarar ciyawar kacala ta toshe masa hanya a wajen Kirikasamma da Guri, sai ya fantsama cikin gonaki. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara, manhajar Flood Hub ta Google kuma tana iya hango ruwa har kwana 7 kafin ya zo. Ilimin yana nan. A wajen isar da shi ne ake cin amanar jama'a.

Ku dubi saƙon da ke shigowa 'yar ƙaramar wayar manomi. Layin farko sunan ƙungiya. Na biyu sunayen abokan hulɗarta. Na uku sunan shirin, wanda ko ma'aikatansa ba sa iya faɗa da numfashi ɗaya. Can ƙasa, bayan wayar ta yanka saƙon gida uku, sai a ce mazauna yankunan da ke cikin haɗari su ɗauki matakan da suka dace. Wane yanki? Wane mataki? Yaushe? Da Turanci aka yi tunaninsa, na'ura ta juya shi, ba a samu ko mutum ɗaya da ya karanta shi a bayyane a gaban dattijo ya ga ko zai gyaɗa kai ba. Mutumin da shinkafarsa ta fara fitar da kai yana son ya ji abu uku ne: jingar wane gari ce ke barazanar ɓallewa, kwana nawa ya rage, wane tudu zai kai iyali da awaki. Wanda bai faɗi waɗannan ba bai yi gargaɗi ba, ko da ya tura saƙo dubu ɗari.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙidayar. Ana rubuta wa mai ba da kuɗi cewa an wayar da kan mutum kaza, alhali lambobin waya aka ƙirga. Matar da ke cikin gida ba waya a hannunta tana cikin lissafin? Bafulatanin da ke kiwo a fadama, da Bamange da Babade da ba Hausa ce harshen gidansu ba fa? Da malamin da ajami yake karantawa? A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Bayan wannan babu mai uzurin wasa da saƙo.

Ku masu ƙungiyoyi, ku ji tsoron Allah. Ƙasar nan tana da hanyar isar da magana tun kafin a san intanet: daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci da bulama, zuwa mai unguwa, sannan mai shela ya zaga da la'asar, liman ya maimaita bayan sallah. Sarkin ruwa da masunta sun san inda ruwa ke fara ci. Ku fara zama da su, ku tsara maganar da bakinsu, da sunan gari a farko, sannan ku ɗauke ta da murya ku saka a rediyo da WhatsApp, da Hausa da Fulatanci da Barbarci. Sunan ƙungiyarku ya koma ƙarshe.

Ku kuma masu ba da kuɗi, ku daina karɓar hotunan taron otal a Dutse a matsayin shaida. Ku aika wakili Guri a watan Agusta, ya tsaya bakin jinga inda samari ke jera buhunan ƙasa, ya tambaye su abin da aka gaya musu, da wanda ya gaya musu, da ranar da suka ji.